Ci Arba'in da Ɗaya da Bakin Uba

Goutte d'Or, Paris
20 ga Janairu

Zuwa ga taubashina Abdulrazak,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ba ka cancanta ba, da fatan kana lafiya, kai da Nuriyya da yara. Yaya gwiwarta? Yaya sanyin Lyon? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da na kwaso a buron Bobigny, ofishin da nake wuni ina yi wa mutane tafinta har murya ta dushe.

Na ɗauki biro da takarda ne don na san halinka. In na kira ka a waya, "lafiya lau, alhamdu lillahi" za ka yi ta yi har batir ya mutu. Tun muna 'yan makaranta a lakwal ɗin Damagaram bakinka ba ya buɗewa sai a takarda.

To ga maganar. Jiya wata abokiyar aikina 'yar Faransa ta miƙo mini wayarta ta ce, "Wannan ɗan gidanku ne?" Ina dubawa sai ga Salim ɗinmu cikin hular kwano, da sanda a hannu, an rubuta a ƙasa cewa shi ya fi kowa ci a gasar hokin ƙanƙara ta 'yan ƙasa da shekara ashirin. Ci talatin da takwas. Guɗa na rangaɗa a cikin buro har mai gadi ya leƙo. Jikan Malam Dodo, wanda kakansa bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin zoɓo, yau shi ke gudu a kanta yana barin 'ya'yan masu ita a baya. Kuma ni goggonsa sai a wayar baƙuwa zan ji.

Mijin matar nan yana bin wasan, ya ce wani kulob na ƙwararru da ke nan kusa da Paris yana zawarcin yaron. Gaskiya ne? Ka ba ni amsa, kar ka tsaya jan aji. Na riga na share masa ɗakin baƙi.

Ka gaida Nuriyya da ƙaramarku Raihana. Shi kuwa ka ce masa goggo ta kasa zama.

Uwar ɗakinka,
Balkisa

Les Minguettes, Vénissieux
27 ga Janairu

Balkisa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun same ki lafiya. Allah ya sawwaƙe tarin, ki rage surutu zai tafi. Gwiwar Nuriyya da sauƙi, likita ya ce ta rage hawan bene, sai dai lif ɗin gidanmu sati biyu ke nan yana hutu, mu kuma muna hawa na goma sha huɗu. Aiki yana nan, kullum auna ruwan gari a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu. Maganar uwar ɗaki kuwa, ban san ranar da aka naɗa ki ba.

Game da yaron nan, ba wani abin a zo a gani. Tun da lakwal ta kai su filin ƙanƙara yana ɗan shekara bakwai ya liƙe wa abin, muka hana, ya ƙi hanuwa. Yanzu yana ɗan gurgura shi. Ki daina guɗa a buro, kin san baki. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma cin da ake yi a cikin yara ba shi ne ci ba.

Ba talatin da takwas ba ne, wannan lissafin sati biyu da suka wuce ne. Arba'in da ɗaya ne a wasa ashirin da biyu, ban da goma sha tara da ya miƙa wa wasu suka zura. Wanda ke biye da shi yana da ashirin da shida. Na faɗa miki ne kawai don kar ki yi ta yaɗa kuskure.

Maganar kulob ɗin gaskiya ce. Shugaban da ke zaɓar musu 'yan wasa, wani Mushe Mercier, zai zo ran Asabar ya kalli wasa, daga nan ya biyo gida ya gan mu. Suna da gurbi guda na matashi a kakar wasan baɗi, mutum biyu suke dubawa, kuma wanda suka zaɓa za su kira shi gwaji a watan Agusta. Nuriyya ta wanke labule sau biyu. Ni na sayi sabon kofi shida, ba don baƙon ba, na da ne suka tsufa.

Kar ki faɗa wa 'yan Damagaram na unguwarku tukuna.

Ɗan'uwanki,
Abdulrazak

Les Minguettes
3 ga Fabrairu

Balkisa,

Sallama da gaisuwa. Ban jira amsarki ba don labarin ba zai zaunu ba. Kowa lafiya, lif ya dawo aiki ranar da ya dace.

Baƙo ya zo ya tafi, kuma alhamdu lillahi komai ya tafi daidai. A filin, yaron ya zura uku, na ukun ma ta tsakanin ƙafafun mai tsaron raga, mutane suka miƙe tsaye suna buga katako. Haka aka gaya mini. Da la'asar Mushe Mercier ya hawo gidanmu. Dogon mutum ne mai karyayyen hanci, mai ladabi, ya cire takalmi ba a ce masa ba. Ya ci dambun zogale faranti biyu, ya sha shayi har na uku. Nuriyya ta gaishe shi ta koma kicin kamar yadda ya kamata, don ba za ta zauna ana zancen ɗanta na fari ba.

Can sai ya buɗe ɗan littafinsa ya dube ni ya ce, "Et vous, monsieur, me kake gani game da ɗanka?" Yaron yana zaune a gefe. Sai na tuna ranar da mushen lakwal, wato malaminmu, ya zo gidanmu yana so a bar ni in wuce kolej, da yadda Baba ya amsa masa, na bi sawunsa ƙafa da ƙafa. Na ce, "Wannan? Ba ya taɓuka komai. Rago ne, barci ya fi iyawa. Sa'a ce kawai take binsa, akwai yara da yawa da suka fi shi. In kun ɗauke shi kun taimake mu ne." Ya sake tambaya ko da gaske nake, na ƙara masa da cewa ko kwanon da ya ci abinci ba ya ɗaukewa. Ya yi rubutu sosai, ya kusa cika shafi. Ya tambaya ko ina zuwa kallon wasa, na ce ina ni ina wasan yara.

Wallahi Balkisa na ji daɗin kaina. Mutumin ya ga gidan mutunci, ba gidan da ake tallan ɗa kamar tumatir ba. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce ya gode da gaskiyar da na faɗa masa.

Yaron dai tun ranar bai cika magana ba, gajiya ce ina ji. Ki ci gaba da share ɗakin.

Abdulrazak

Goutte d'Or
10 ga Fabrairu

Abdulrazak,

Sallama. Ina lafiya, ina fatan Nuriyya da Raihana suna lafiya. Kai ban tambayi lafiyarka ba, don wanda ya yi abin da ka yi lafiya ta yi masa yawa.

Na karanta takardarka a cikin metro, na wuce tashata har biyu. Shekara ashirin da uku kana ƙasar nan, kana auna musu ruwan sha, amma ba ka auna maganarka ba. Mushen da ya zo wurin Kawu, mahaifinka, ɗan Mirriya ne, ya san idan uba ya ce "rago ne" to yana nufin "ga zakarana". Wannan kuwa mutumin Faransa ne da littafi. Abin da ka faɗa shi ya rubuta.

Salim ya kira ni ran Juma'a, da ƙyar na gane muryarsa. Kulob ɗin sun aiko masa da saƙo cewa sun jingine maganar gwajin. Mai horar da shi ya bincika, ga abin da ya samo. Dama tsoronsu ɗaya ne a kan yaran da ke ci da yawa: wai suna saba wa sauƙi, in sun shiga cikin manya aka fara maka su da bango sai su narke. Mushe Mercier ya zo ne ya gano ko Salim mai wahala ne ko ɗan gata. Duk uban da ya taɓa tambaya cewa yake ɗansa ya fi kowa, kai kaɗai ka ce naka rago ne, don haka kai kaɗai ya gaskata. Baki shi ke yanka wuya, yau na ga misalinsa a cikin dangi.

Kuma ba kulob ɗin ne ya fi ci wa yaron rai ba. A nan aka haife shi. Ya san ba ka kiran sunansa, ya ɗauka hali ne irin na tsofaffi, bai taɓa damuwa ba. Amma bai taɓa jin ra'ayinka a kansa ba sai ranar, a gaban baƙo. Ce mini ya yi, "Tantie, ashe haka Baba yake ganina." Na yi masa bayanin alkunya har na gaji, ya ce in bar kare ka. Yanzu ka san dalilin da ya sa ya kwashe jakarsa ya koma gidan abokinsa, ba kusancin fili ba ne kamar yadda ya gaya wa uwarsa. Yana cewa in kaka ta ƙare zai ajiye sandar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zauna ka rubuta wa Mushe Mercier cewa ɗanka gwani ne kuma mai ƙwazo, ka sa hannu. Sun ce ƙarshen Maris za su yanke tsakanin su biyun. Ina jiran amsarka a wannan satin.

Balkisa

Les Minguettes
4 ga Maris

Balkisa,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Allah ya karɓi ibada. Nuriyya tana gaishe ki, ita ma ba ta cika yi mini magana ba. Raihana ce kaɗai ke tambayata ko na ci sahur.

Na yi shiru sati uku. Ba fushi ba ne, kunya ce da baƙin ciki. Na zauna rubuta takardar da kika ce sau bakwai. Ina kaiwa kan "ɗana" sai hannu ya tsaya. Ki yi mini dariya in kin so. Baba ya rasu bai taɓa ce mini na yi daidai ba, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba, don Goggo Hassia, mahaifiyarki, ita ke zuwa ta faɗa mini abin da yake faɗa a bayana. Haka aka gina mu. Na manta cewa yaron nan ya tashi a hawa na goma sha huɗu, babu wata goggo a bayan katanga.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Na yi wa baƙon ƙarya da na ce ba na zuwa kallo. Shekara shida ban rasa wasan gida ko ɗaya ba. Ina shiga bayan an fara, in tsaya can sama bakin ƙofar matakala, in fita kafin a tashi. Uwarsa kaɗai ta sani. Cin nan uku na ran Asabar da idona na gan su, kuma a na ukun sai da na ciji hulata.

Tunda na buɗe baki bari in ƙarasa. Shi ba rago ba ne. Ƙarfe biyar yake tashi ya tafi horo kafin lakwal. Lokacin da lif ya lalace, kowa yana tsinuwa, shi murna ya yi: ya riƙa sa buhun shinkafa a jakar baya yana hawa yana sauka sau goma kafin ya karya. Da ya karye a wuyan hannu yana ɗan sha biyar, da hannu ɗaya ya yi wata biyu yana buga pale, ɗan faifan robar da suke wasa da shi, a jikin bangon garaji har maƙwabta suka kai ƙara. Idonsa yana ganin inda pale zai je kafin ya je. Ban ga yaro mai irin hannunsa ba, kuma na ga da yawa daga bakin ƙofar nan.

Amma tsoron Mushe Mercier yana da tushe. Idan aka ƙwace pale aka juya kan ragarsu, yaron ba ya komowa da gudu, yana tsayawa a tsakiya yana jiran a miƙo masa. A cikin yara ana yafe masa don yana ci. Kuma tun karayar nan, in aka matse shi da bango ta hagu yana sakin pale da wuri. Manya za su gane wannan a wasa biyu. In ya gyara waɗannan zai zama ɗan wasa na gaske, in bai gyara ba zai zama wanda ake cewa da can ya iya. Wannan shi ke hana ni sukuni, ba yau ba.

Ba zan iya rubuta wa Bature yabon ɗana ba. Yabon ɗa aikin goggo ne. Ki je ki yi abin da uwarki ta yi mini, na roƙe ki.

Wannan takarda tsakanina da ke ce.

Abdulrazak

Goutte d'Or
11 ga Maris

Taubashina,

Wa alaikumus salam, barkanmu da shan ruwa. Ina lafiya, tari ya tafi ba tare da na rage surutu ba. Ka zauna kafin ka karanta, don akwai daɗi akwai laifi.

Da na ji shiru kusan sati uku, na ɗauka ka hau dokin zuciya ka ƙi. Na zage ka a raina zagi mai kyau, ka yafe. Sai na ce to ni zan je. Na ɗauki hutun rabin wuni, na sa shaddata mai ruwan goro, na ɗaura kallabi kamar mai zuwa ɗaurin aure, na shiga jirgin bayan gari har filin kulob ɗin. Sanyin wurin kamar cikin firijin mahauta. Na ce wa sakatariya ni goggon Salim ce kuma ba zan tafi ba, ta ga da gaske nake ta shigar da ni.

Abdulrazak, na yi yabo. Na faro daga kakansa na gangaro. Na faɗi ci arba'in da huɗu ɗaya bayan ɗaya kamar ina wurin. Na ce yaro ne da ba a taɓa haifar irinsa ba tsakanin Damagaram da Lyon. Mushe Mercier ya saurare ni har na ƙare, ya ba ni ruwa na ce ina azumi, sai ya ce, "Madam, kowace goggo haka take faɗa. Ina da aljihun tebur cike da irin wannan." Na yi masa bayanin cewa a wurinmu uba ba ya yabon ɗan fari, ba ya ko kiran sunansa. Ya yi mamaki, ya ce abin sha'awa ne, amma shi ba zai ba da gurbi a kan al'ada ba. Ya ce, "In abin da uban ya faɗa ba shi ne ra'ayinsa ba, to mene ne ra'ayinsa?" Na dawo gida hannu rabbana, shaddar ma ta yamutse.

Kwana huɗu bayan nan takardarka ta iso. Na karanta a tsaye bakin akwatin wasiƙu, na yi kuka har mai shagon waya na ƙasa ya fito yana tambaya wa ya rasu. Na ga layin ƙarshe da ka ce tsakanina da kai ce. Na gan shi sarai. Amma ni tafinta ce, aikina ke nan in ɗauki maganar wanda ba ya iya faɗa in kai wa wanda ba ya iya ji.

Na juya ta zuwa Faransanci, ban ƙara ba ban rage ba, har da hular da ka ciza. Na koma. Wannan karon ban sa shadda ba. Ya karanta, da ya kai wurin bangon hagu sai ya janyo littafinsa ya juyo mini shi: abin da ya rubuta ke nan shi ma, da maganar rashin komowa baya. Ya ce, "Mutumin nan ya san hoki. Wanda ya ga aibin nan, in ya ce yaron yana hawa bene da buhun shinkafa, na yarda." Ya yi dariya ya ce a shekara ashirin bai taɓa samun rahoto mai kyau irin wannan daga uba ba.

Sun kira Salim gwaji. Kwana goma, daga sha ɗaya ga Agusta, shi da ɗaya yaron duka, wanda ya fi ya zauna. Na fito ina rawa a kan dandamalin jirgi da azumi a bakina, wata tsohuwa ta matsa gefe.

Saura laifi na biyu. Na ɗauki hoton takardar na aika wa Salim, ta Hausar, da rubutun hannunka. Ka ce in yi abin da uwata ta yi, kuma ita ba ta taɓa neman izinin Kawu ba.

Wadda ta fi ka hankali,
Balkisa

Les Minguettes
7 ga Afrilu

Balkisa,

Sallama, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Kowa lafiya. Nuriyya ta ce in gaya miki turaren ya iso.

Ke ɓarauniya ce, kuma zan faɗa a gaban kowa ranar da muka koma gida. Kwana uku ban iya haɗa ido da kowa ba. A ce asirin mutum yana cikin aljihun teburin wani Bature, da fassara.

Yaron ya dawo gida ana saura kwana goma Sallah. Ya shigo da jakarsa lokacin shan ruwa, ya gaishe ni, na amsa, ya zauna. Muka sha ruwa tare. Da muka gama sai ya tattara kwanuka duka ya kai kicin ya wanke, yana yi yana kallona ta gefen ido. Raihana ta yi ta dariya har ta ƙware.

Ran Asabar aka yi wasan kusa da na ƙarshe. Na tsaya inda na saba. Suna fitowa ya ɗaga kai ya dubi ƙofar matakala, ya ɗan ɗaga sanda, na rasa inda zan sa kaina. Balkisa, bai ci ko ɗaya ba. Amma sau tara na ƙirga ana juyowa kan ragarsu yana komowa kamar an koro shi. Saura minti biyu wani ƙato ya saki pale da ƙarfi, yaron ya kwanta a gabansa ya tare da cinya. An fitar da su da ci biyu da ɗaya, yaran suna kuka, shi yana ɗingishi. Ni kuwa ban taɓa fita daga filin nan da farin ciki irin na ranar ba, har na manta na tsaya aka tashi da ni.

Cinyar ta yi baƙi kamar gindin tukunya, likita ya ce ba karaya. Mai horar da shi ya sa wani tsohon ɗan wasa mai tsaron baya yana matse shi da bango ta hagu kullum bayan horo. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, Agusta za ta nuna.

Ki sayi shinkafa da yawa. Ba ki san abin da kika gayyato ba.

Abdulrazak

Goutte d'Or
25 ga Agusta

Taubashi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ni da abin da ya rage na kicin ɗina. Yaya zafi? Yaya gwiwar Nuriyya? Na san Salim ya kira uwarsa, kuma na san kai "to, madalla" kawai ka ce ka miƙa mata wayar, don haka ga cikakken labari.

Kwana ukun farko ya riƙa dawowa kamar an daka shi a turmi. Mutanen nan wasu sun haifi kamarsa, akwai wani ɗan Kanada mai gemu da haƙora uku suka ɓace a gaba. Ya ce mini, "Tantie, a nan kafin in yi tunani an riga an ƙwace." Rana ta huɗu ya zauna a kan kujera ya ce shi ba ya jin zai iya. Na ce ya ci tuwo tukuna.

Na je wasan gwajin da suka yi da wani kulob. Ban gane rabin abin da ake yi ba, amma na ga an maka shi da bango sau uku, har gilashin ya girgiza, na miƙe ina faɗa wa wani mai gemu na wancan ɓangare maganar da ba zan rubuta ba. Sau biyun farko ya faɗi. Na ukun ta hagu ne, ya tsaya da ƙafafunsa, ya riƙe pale har abokinsa ya iso. Bai ci ba. A kwana goman nan duka sau ɗaya ya zura, ɗaya yaron ya zura huɗu. Na riga na fara shirya kalaman ba da haƙuri.

Ran Alhamis Mushe Mercier ya kira shi buro. Sun ɗauke shi, shekara ɗaya. Ya ce masa ɗayan ya fi shi ci a kwanakin nan, amma shi Salim ne kullum yake fin jiya. Ya kuma gaya masa gaskiya: zai fara a layin ƙarshe, wataƙila minti biyar a wasa, wataƙila wata biyu bai ga raga ba, kuma a cikin yara goma masu ci irin nasa biyu ne suke ɗorewa. In bai yi ba, baɗi su sallame shi. Salim ya fito ya kira ni, na yi guɗar da ka hana, wannan karon a tsakiyar kasuwa, masu kifi suka taya ni ba su san dalili ba. 'Yan Damagaram na unguwar nan duk sun ji, har an fara tambayata inda ake sayen tikiti.

Ko zai zama ƙwararren da muke fata, ban sani ba, shi ma Mercier bai sani ba. Ina tsoro ina murna, duka biyun sun cika mini ciki.

Ran ɗaya ga wata zai koma ɗakin da kulob ya ba shi tare da wasu biyu. Jiya yana haɗa kaya ya tambaye ni, yana kallon jaka ba ni ba, ko kana rubuto mini har yanzu. Na ce wani lokaci. Ya ce wasanninsu ana nuna su a intanet, ko da wani zai so ya gani ya faɗi abin da ya gani.

Balkisa

Les Minguettes
15 ga Satumba

Balkisa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya saka miki da alheri, ya mayar miki da shinkafarki. Gidan ya yi faɗi, Nuriyya tana dafa abin mutum huɗu har yanzu.

Raihana ta haɗa mini intanet ɗin a talabijin, na kalli wasansu na farko. Minti shida da daƙiƙa arba'in ya yi. A shigarsa ta biyu ya yi saurin barin wurinsa, da ɗan bayansu bai rufe ba da an ci su. Yana riƙe sanda da tsawo in ya gaji, ya rage. A shigarsa ta biyar ya ƙwace pale daga hannun mutumin da ya girme shi da shekara goma sha biyu, ya miƙa inda ba wanda ya zata, saura ƙiris a ci. Na tashi tsaye a falo ni kaɗai.

Ina alfahari da shi, Balkisa. Tun ranar da aka miƙo mini shi a asibiti nake alfahari da shi, ko ya ɗore a wurin nan ko bai ɗore ba.

Wannan takarda tsakanina da ke ce, kar ki kuskura ki nuna wa kowa. Za ki ga wani ambulan a ciki da tambur a manne da adireshin yaron a rubuce. Kuskure ne, hannuna ne ya faɗa da shi. Ki jefa shi a akwatin fosta kafin Alhamis, don ran Juma'a suna da wasa.

Ɗan'uwanki,
Abdulrazak